Yadda Za Ki Yi Jinyar Yaro Mai Mura, Gudawa Ko Ƙuraje Ba Tare Da Cutar Ta Zagaye Gida Ba

Duk uwar da ta kai yaro naziri ko Islamiyya ta san wannan zagayen. Ran Litinin yaro ya dawo hanci na yoyo, Laraba ƙaninsa ya ɗauka, Juma'a ke ce da ɗankwali ɗaure a goshi, kafin Lahadi maigida ya kwanta yana nishi kamar a kansa aka fara mura a duniya. Shi kuwa wanda ya kawo cutar yana tsakar gida yana buga ƙwallo.

Na raini 'ya'ya 5, ga jikoki yanzu suna zuwa hutu. Da fari na ɗauka haka abin yake, in ciwo ya shigo sai ya gaisa da kowa. Wata shekara amai da gudawa suka kwantar da mu gaba ɗaya cikin dare 2, har sai maƙwabciya ce ta ɗora mana tukunya. Daga nan na dinga tambayar ma'aikatan lafiya, ina gwadawa, ina gyarawa. Ba zan ce miki ba za ki sake kamuwa ba, wadda ke goyo da shayarwa ba ta da wannan tabbacin. Amma ciwon da ke kayar da mutum 6 kina iya tsayar da shi a kan 1 ko 2.

Yawancin waɗannan cututtukan ƙwayar bairos ce ke kawo su, kuma ba ta da ƙafa. Hanya 3 take bi: numfashi da tari, hannu da abin da hannu ya taɓa, sai kashi da amai. Yaro ƙarami yana fitar da ƙwayar da yawa, ya fi babba daɗewa yana fitarwa, kuma bai san rufe baki ba. Ke ce mai share masa hanci, ke ce mai yi masa tsarki, ke ce mai tuƙa tuwon kowa. To, gadar da cutar ke bi ta tsallaka zuwa sauran gida hannunki ne. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan ya ginu.

Kayan da za ki tanada tun kowa na lafiya

- Sabulu, kowane iri. Sabulun wanki na sanda ma ya isa, ba sai mai suna “na kashe ƙwayoyin cuta” ba.
- Buta ta wanke hannu kaɗai, daban da ta banɗaki.
- Ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, da bokiti 2.
- Safar hannu ta roba. In babu, baƙar leda 2 ki zura hannu ki ɗaure a wuyan hannu.
- Tishu, ko tsofaffin zannuwa da kika yayyanka ƙanana kamar tafin hannu, guda 20 ko fiye.
- Ma'aunin zafin jiki. Bayan hannu a goshi yana ruɗi, musamman in ke ma jikinki ya fara zafi.
- Farasitamol na yara da abin awonsa, fakitin ORS (garin gishiri da sukari na mai gudawa) aƙalla 4, da ƙwayar zinki, ita ma ta gudawa.
- Takunkumin fuska naki. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.
- Kofi, cokali, kwano da tawul na mara lafiya, masu launi daban don kowa ya gane su.

1. Tun ranar farko, raba aiki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi amfani. A tsayar da mutum 1 mai jinya. Wani daban ya riƙe girki da rabon abinci. In gidan yawa ne, ki nemi abokiyar zama ko facala ta karɓi girkinki na kwana 2 ko 3, za ki rama mata. Kada a sa mai ciki jinya, kada a sa tsohuwa mai ciwon sukari ko asma, komai son da take yi wa jikan.

Idan ke kaɗai ce, raba aikin da lokaci. Ki yi girki da sassafe bayan wanka, kafin ki fara hidimar yaron, ki dafa abin da za a ɗumama da dare. Ki ware zani ko doguwar riga ta jinya, ki tuɓe ta kafin ki shiga madafa. Maigida kuma wannan ba lokacin zama a majalisa har 11 na dare ba ne. Ko shayi da burodi ya haɗa wa sauran yaran ya rage miki.

2. Ware masa wuri, ki bar iska ta shiga

In da ɗaki na biyu, ke da mara lafiya ku koma can. In ɗaki 1 ne, a ba shi shimfiɗarsa da gidan sauronsa a gefe, taku 2 ko 3 daga sauran, kansa wajen taga. In dole ne a haɗa katifa, a juya, kan wannan wajen ƙafar wancan.

A hunturu mukan toshe kowace kafa, mu shigo da garwashi, mu zuba turaren wuta. Hakan na tara numfashin mara lafiya a ɗaki kowa ya shaƙa, hayaƙin ya ƙara tsananta tarin, garwashi kuma a rufaffen ɗaki yana kashe mutane cikin barci. Ki lulluɓe yaron da kyau, ki bar taga a ɗan buɗe, in ƙura ta yi yawa ki rataya labule mai ɗan danshi. Da rana ki fito da shi inuwar tsakar gida. Sararin waje ya fi kowane ɗaki aminci ga masu lafiya.

3. Wankin hannu, amma na gaskiya

Ki jiƙa hannu, ki sa sabulu, ki cuɗa na daƙiƙa 20: tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce. Ki ɗauraye da ruwan da ke zuba, daga famfo ko buta. In kin ƙirga za ki ga daƙiƙa 20 ta fi yadda kike zato tsawo. Ki cire zobe da awarwaro na kwanakin nan, ki yanke farce.

Lokutan da ba a yafewa: bayan tsarki ko canza famfas, bayan share majina, bayan kwashe amai, bayan ba da magani, kafin girki, kafin ci, kafin shayarwa.

Kuskuren da ke kusan kowane gida shi ne kwanon ruwa guda da kowa ke tsoma hannu kafin cin tuwo. Na ƙarshe da dattin kowa yake wankewa. A zuba wa kowa daga buta. Haka tawul ɗin da ke rataye a ƙofa kowa na gogewa, gara hannu ya bushe a iska.

Idan sabulu ya yanke, garin omo kaɗan a cikin gorar ruwa ya wadatar. In shi ma babu, toka mai tsabta daga murhu da ruwa mai zuba ta fi ruwa zalla, kafin a samo sabulu. Man goge hannu mai sinadarin barasa da aka saba da shi lokacin korona yana aiki a kan mura, amma yana da rauni a kan ƙwayoyin amai da gudawa. A nan sabulu da ruwa ne.

Sannan ki lura da hannunki da fuskarki. Mura ba sai an yi miki atishawa a fuska take shiga ba. Kin share hancin yaro, kin gyara ɗankwali, kin murza ido, shi ke nan.

4. Majina, yawu da cokali

A nan soyayyar uwa ke cin amanarta. Abubuwa 4 za ki daina har ya warke.

Na farko, tsotse majinar jariri da baki. Iyayenmu sun yi, ni ma na yi da ɗana na fari, kuma duk lokacin da na yi sai na kwanta. Ki ɗiga masa ruwan gishiri na hanci, ɗigo 1 ko 2 a kowace kafa, ki jira kaɗan, ki zuƙe da ɗan robar zuƙar majina da ake sayarwa a kemis, ki wanke robar da sabulu. In babu ruwan gishirin kemis, ki tafasa ruwa, ki bari ya huce, ki zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofi 1 mai cin kwatan lita. Sabo za ki haɗa kullum.

Na biyu, share hanci da bakin zani, gyale ko hijabi. Da shi za ki goge fuskarki, da shi za ki goge kwano, da shi za ki share hancin ƙaninsa. Ki yi amfani da tishu ki jefa a leda, ko yankakkun tsummokaran nan, sau 1 kowanne, ki jefa a bokitin ruwan omo.

Na uku, ɗanɗana kunu da cokalinsa, tauna masa nama, da cinye ragowarsa don kada a yi asara. Ki ɗiga kunun a bayan hannunki in zafi kike son ji. Ragowar kuwa, asarar rabin kofin kunu ta fi kuɗin magani sauƙi.

Na huɗu, sumba a baki ko kumatu masu danshi. Ki sumbaci tsakiyar kansa, ki rungume shi, ki goya shi. Ba cewa na yi ki guje shi ba, yaro mara lafiya jikin uwarsa yake nema.

Kada ki manta da moɗar randa. Yaro ya sha ya mayar, ruwan gida duka ya gauraya. A ɗebo da moɗa a zuba a kofinsa, baki kada ya taɓa moɗar. Kwanakin nan kuma a zuba masa abinci a kwanonsa, kada ya sa hannu a na taro. Mai shekara 3 zuwa sama ki koya masa yin tari a lanƙwasar gwiwar hannunsa. In kika mai da abin wasa, cikin yini zai iya.

5. Idan amai da gudawa ne

Wannan ne ciwon da ya fi saurin kayar da gida. Ƙwayoyin bairos da ke kawo shi, rota da noro, kaɗan ƙwarai ke isa su kama mutum, suna daɗewa a kan siminti da roba, kuma noro takan nuna kanta cikin awa 12 zuwa 48. Shi ya sa kike kwashe aman yaro yau, gobe da dare ke ce a banɗaki.

Ki haɗa ruwan bilic iri 2. Duba jikin gorar, yawancin na kasuwarmu kashi 3.5 cikin 100 ne. Mai ƙarfi: kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa, don wurin da amai ko kashi ya zuba, da fo, da bakin masai. Mai sauƙi: ki ɗebi kofi 1 daga mai ƙarfin ki ƙara masa kofi 4 na ruwa, don hannun ƙofa, kan famfo, hannun buta, kayan wasa na roba. Kullum sabo ake haɗawa, domin ƙarfinsa na gudu, musamman a rana.

Idan ya yi amai a ƙasa, ki kori sauran yara daga wurin, ki sa safa ko leda a hannu, ki sa takunkumi. Ki rufe aman da tsumma, tsohuwar jarida, ko yashi in tsakar gida ne, ki kwashe cikin leda ki ɗaure. Kada ki fara da tsintsiya ko watsa ruwa, yaɗa shi za ki yi. Ki wanke wurin da omo tukuna, domin bilic ba ya aiki sosai a kan ƙazanta, sannan ki zuba mai ƙarfin ki bar shi minti 10 kafin ki ɗauraye. Ki tuɓe ledar ta hanyar juya ta ciki ya koma waje, ki wanke hannu duk da haka.

Kashin yaro a masai ake zubawa nan take. Maganar cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne ta cuci gidaje da yawa, na mai gudawa cike yake da ƙwayar. Kada a bar fo a buɗe ƙuda na safara tsakaninsa da kwanuka. Famfas a ɗaure a leda, kada a wurga a kwata ko bayan katanga inda awaki da kaji za su tone.

Gargaɗi: kada ki haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari don wai ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Kada ki zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha. Ki ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. In babu bilic, ki wanke da omo sau 2, ki bi da tafasasshen ruwa a abin da zai jure, tabarma kuma a shanya ta a rana yini guda.

6. Wanki

Kayan da suka ɓaci kada ki kakkaɓe su, ki naɗe su a hankali zuwa bokitinsu na daban. Ki ɗauraye ƙazantar a masai, ki jiƙa da omo da ruwan zafi, ki wanke su bayan kin gama na kowa. Fararen nafkin da tsummokaran hanci suna jure bilic mai sauƙi, atamfa kuwa za ta koɗe. A shanya a rana su bushe ƙayau, in da hali a bi da guga. Kada a zubar da ruwan wankin inda yara ke rarrafe.

7. Kula da shi kansa mara lafiyan

A ƙasarmu, zazzaɓi sai an gwada. In ma'auni ya nuna 38 ko sama, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ana samun sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Kada ki ce mura ce kawai, kada kuma ki ɗura masa maganin maleriya da ka.

Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Mai kilo 10 ke nan zai sha kimanin mililita 5 na ruwan maganin da aka rubuta miligiram 120 ko 125 a mililita 5. Ki auna da sirinji ko murfin awo, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kada a ba yaro asfirin ko garin maganin ciwon kai na manya. In cutar bairos ce, asfirin na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwarsa.

Antibayotik ba ya kashe bairos. Na san mai kemis zai haɗo miki leda cike, kuma uwa ba ta son dawowa hannu rabbana. Amma ruwan maganin nan ba ya rage kwanakin mura, sau da yawa ma gudawa yake ƙarawa. Sai in likita ya duba ya ga kunne ya kamu ko ciwon huhu ya shiga. Maganin tari ma ba na ƙananan yara ba ne. Wanda ya haura shekara 1 ki ba shi cokalin shayi na zuma da ruwan ɗumi. Jariri ƙasa da shekara 1 ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Mai gudawa ruwa yake buƙata kafin komai. Ki narka fakitin ORS a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1, wato ledar fiya wata 2 masu rabin lita. In babu fakiti, lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali a shafe. Ki ɗanɗana da naki cokalin, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Bayan kowace gudawa, ƙasa da shekara 2 kwata zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi guda, cokali-cokali. In ya amayar ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, ko da gudawar ta tsaya. Nono kada a dakatar, abinci kada a hana. Kuma kada a fake da “haƙori ne” a zauna yaro yana tsiyayewa.

8. In ƙuraje, kumburi ko jan ido suka bayyana

Kyanda, ko baƙon dauro, ba a wasa da ita. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido, bayan kwana 3 ko 4 ƙuraje su fito daga fuska su gangara. Ta iska take bi, tana iya zama a ɗaki har awa 2 bayan mara lafiya ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi kusan 9 za su kamu. Yaro yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙurajen da kwana 4 bayansu. Wankin hannu ba zai tare ta ba, rigakafi ne kawai. Ki kai shi asibiti a ba shi bitamin A, ki gaya musu tun a ƙofa don kada a zaunar da ku cikin jarirai, kuma ki tafi da katin sauran yaran. In aka yi wa wanda ba a yi wa ba allura cikin awa 72 da haɗuwa da cutar, tana iya kare shi. Al'adar ɓoye mai kyanda a ɗaki, a hana shi wanka, a ce allura ba ta jituwa da ita, ita ce ke kai yara ga makanta da ciwon huhu.

Ƙarambau kuwa ƙuraje ne masu ruwa da ƙaiƙayi. A yaro sau da yawa yana zuwa da sauƙi, a babba yana da tsanani, kuma a ƙasashe masu zafi manya da yawa ba su taɓa yi ba. Ki tambayi kowane babba a gidan, in bai sani ba a tambayi mahaifiyarsa. Wanda ya taɓa yi shi zai yi jinya. Yaro yana yaɗawa tun kwana 1 ko 2 kafin ƙurajen har sai duk sun bushe sun yi ɓawo, kuma wanda ya ɗauka sai bayan kwana 10 zuwa 21 zai nuna, don haka kada ki saki jiki a mako na farko. A yanke masa farce, a shafa ruwan kalamin na rage ƙaiƙayi, a tsaya ga farasitamol, ban da ibufurofen. Babban da ya ga ƙuraje a jikinsa ya ga likita a ranar, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki in an fara cikin awa 24.

Hangum, mai kumbura gefen kunne, ta yawu yake bi. A ware yaro kwana 5 daga fara kumburin. Maigida da samarin gida su kiyaye, a namiji baligi yakan sauka maraina da zafi mai tsanani.

Sai afolo, ciwon idon da ya samo suna daga annobar da ta ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a wata. Kallon idon mai shi ba ya sa a kamu, hannu ne da tawul da matashin kai, da kwallin da ake zagayawa da shi ido-ido. A goge ido da auduga da dafaffen ruwan da ya huce, kowane ido da tasa audugar. Kada a ɗiga fitsari, ruwan sukari, ruwan albasa ko ragowar maganin idon wani.

9. Mai ciki, jariri, tsofaffi, da 'yan dubiya

Mai ciki da ke rainon ɗan yaye ta riƙe mataki na 4 har ta haihu, ko yaron lafiyarsa ƙalau. Akwai ƙwayar da ake kira CMV, tana zama a yawu da fitsarin yara ƙanana ba tare da wata alama ba, in ta kama uwa tana iya shafar jin ɗan da ke ciki. In kuma wani yaro a gida ya yi ƙuraje da zazzaɓi, mai ciki ta je asibitin awo a ranar ko washegari, ta faɗi abin da ya faru.

Jariri sabon haihuwa a nisanta shi da yayansa mai tari. Abin da yake mura a ɗan shekara 4 yana iya zama sarƙewar numfashi a ɗan wata 2. Mai son ɗaukarsa ya wanke hannu, ko wace ce.

Dubiya lada ce, amma ba sai an shigo ɗaki da goyo an zauna bakin gado ba. Ki tare su a tsakar gida da fara'a: “Hajiya, an gode ƙwarai, Allah ya ba da lada. Abin nasa mai yaɗuwa ne, ina jin tsoron kada ki kai wa su autanki.” Har yau ban ga wadda ta yi fushi da wannan ba. Biki da suna kuma ki aika da uzuri.

10. Idan duk da haka ta kama ki

Ki ci gaba da shayarwa, nononki yana ɗauke da kariyar da jikinki ke haɗawa. Ki wanke hannu ki sa takunkumi kafin ki ɗauke shi. In amai da gudawa ne, ki bar madafa har awa 48 bayan sun tsaya, ke ma ki sha ORS. Yawancin magungunan mura na kemis da farasitamol a cikinsu, kada ki haɗa su da wani farasitamol ɗin, babba ba ya wuce giram 4 a yini. Ki nemi taimako tun kina iya tsayuwa. Ni na taɓa cijewa ina cewa zan iya, sai da na zube a bakin murhu.

11. Alamomin da ba a kwana da su a gida

Jaririn da bai kai wata 3 ba in ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Ga sauran: kasa shan nono ko ruwa, amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, idanu ko maɗiga sun faɗa, fitsari ya ɗauke, jini a kashi, wuya ya sanƙare, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3.

Ki koyi ƙirga numfashi. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga na minti 1 cif da agogon waya. Ya yi sauri in ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin jan numfashi, kada ki jira gari ya waye.

Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu a maƙoshi yana iya zama mashaƙo, wadda ta addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. Ita ba bairos ba ce, tana da magani, amma sai an yi sauri. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, balle da zubar jini, a yi tunanin Lassa, kada a taɓa jini ko amansa da hannu tsirara. Layin wayar kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, shi ne 6232. Ke ko maigida kuma, in numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, ba jarumta ba ce zama a gida.

12. Komawa makaranta da gyaran ɗaki

Mai mura ya koma bayan ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da magani ba. Ragowar tari na iya kai mako 2, wannan ba ya hana karatu. Mai gudawa sai awa 48 bayan ta ƙarshe, kuma ki ci gaba da tsananta wankin hannu bayan tsarki na mako 2, domin ƙwayar tana fita a kashi bayan ya warke. Ki sanar da malamarsa abin da ya same shi don ta sa ido a kan sauran.

Ranar da ya miƙe, a fitar da katifa da matasai rana, a wanke zanin gado da gidan sauro, a goge wayarki da ya yini yana kallo a ciki, ita ce aka fi mantawa. Ki mayar da abin da ya ƙare cikin kayan jinya. Sannan ki ɗauko katin rigakafin kowane yaro ki duba layi-layi. A Najeriya ɗigon rota ya shiga jerin rigakafin yara a 2022, ana ba da shi a mako 6, 10 da 14, allurar kyanda kuma a wata 9 da wata 15. Ta wata 15 ɗin ce iyaye suka fi mantawa, saboda yaro ya fara tafiya an ɗauka an gama. In kin ga gurbi a katin, ki tambayi ranar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ki kai shi a makon nan. Kyauta ne, kuma ba a komawa farko don an makara, daga inda aka tsaya ake ci gaba.